Ranar da na shiga coci da safa

Har gobe ban manta ranar da kamfaninmu na Manchester ya tura ni duba wani tsohon coci a Birmingham ba. Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kwangila ta ƙafe, ana shirin sallamar injiniya ɗaya cikinmu. Ni ne sabon zuwa, kuma bizata a kan aikin take rataye. Tsoro nake ji sosai.

Cocin ya kusa shekara ɗari uku, ginin salon da suke kira Barok, wato ado har ya gunduri ido. Ko'ina mala'ikun filasta, jarirai masu kumatu kamar an ɗura musu koko. Ginshiƙan ka rantse marmara ne, alhali fenti ne kawai. Fentin nan ke ɓarewa, kowa ya ce rufi ke yoyo.

Ƙa'idarmu, ba a taka wurin aiki sai da takalmi mai ƙarfe a baki. Ni kuwa ɗan Kano, da na ga ɗakin ibada, ban san sanda na tuɓe nawa a ƙofa ba. Ina cikin zagayawa da safa sai ga ogana, Mista Pike, tare da limamiyar cocin, wata dattijuwa.

"Bashir, ina takalmanka?" in ji shi. "Ka san wannan kaɗai ya isa kora?"

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai na ji sanyi a tafin ƙafa. Kafet ɗin gindin ginshiƙi a jiƙe yake.

Na ce, "Oga, ruwan nan daga ƙasa yake."

Dattijuwar ta zare takalmanta ta taka, ta ce masa shi ma ya gwada. Da ƙyar ya tuɓe, babban yatsansa na leƙowa ta hujin safa. Muka tsaya mu uku muna tattaka kafet kamar masu kwaɓin ƙasa. Ashe tsohon bututun ruwan ɗumama ɗaki ne ya fashe a ƙarƙashin daɓe, rufin lafiyarsa ƙalau.

Ban rasa aiki ba, amma takardar gargaɗi sai da ya ba ni. A rahoton kuma ya rubuta cewa an gano danshin ta hanyar "gwajin taɓawa kai tsaye", da sa hannunsa.

Ku sabbin shiga, ku riƙe wannan: a sana'armu kuskure naka ne kai kaɗai, amma ranar da ya yi amfani, za a raɗa masa suna, ya koma na oga.