Saƙon Inna Hajo da Almakashin Yamai

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin taron sauraren rediyo, ranar da ba ta fita raina ba ita ce ranar da Inna Hajo ta ce in ɗauki muryarta. Ku da kunka zo aiki yanzu ba ku iske wannan tsarin ba, bari in faɗa muku yadda yake.

A bazarar 1967 ni ce mataimakiyar mai kula da taron a Bazaga. Karatun manya na yi, shi ya sa anka ɗauke ni. Gwamnati ta ba mu rediyo guda da akwatin ɗaukar magana. Ranar shiri, bayan la'asar, in shimfiɗa tabarmi mu saurari Yamai tana maganar iri, ko rijiya, ko awon jarirai. In an gama, kowa ya faɗi ra'ayinshi, in ɗauka a zaren akwatin, irin na kaset. Zaren ya tafi Konni wurin shugabanmu, Mushe Abdu ("mushe" malam ne da Faransanci), shi kuma ya aika Yamai. Can ake zaɓen abin da za a sa.

To, wannan bazarar ba mai son jin maganar iri. Najeriya ta ɗau zafi. Da na juya in ba ɗiyata nono, sai wani ya murɗa rediyon zuwa hayin iyaka. Tashar Arewa ta ce ƙasa ba ta rabuwa ko da jini. Tashar Gabas ta ce su sun gama zama da kowa. Ita wannan da Turancin Ingila take magana, wani direban motar siminti ta Malbaza ke juya muna, yana ƙara gishiri. Sai gardama ta tashi.

Wani dillalin shanu ya ce, "Wallahi sai an gwabza. Hanyar kudu ta mutu, ga shanuna nan suna cin kaina."

Tela ya ce, "Kai dai Alhaji, shanunka ka sani. Cika baki ne na masu kaki. Sati biyu an shirya."

Direba ya yi dariya. "Sati biyu? A Sakkwato ɗaukar soja ake. Takalmi, kaki, albashi. Ba mai tambayar ka inda anka yanke cibiyarka."

Ni kuwa ina ta cewa, "Don Allah ku yi haƙuri, batirin gwamnati ne." Ba mai ji na. Kullum haka, har na gaji da faɗi.

Samari suna zaune baya suna saurare. Cikinsu akwai Iro, ɗan Inna Hajo. Shi kaɗai ne namiji gare ta, shi ke yi mata noma tun rasuwar mijinta. Wata ranar kasuwar Konni ya tafi sayar da akuya, bai komo ba. Wanda ya gan shi ya ce motar Sakkwato ya hau.

Ruwan farko ya sauka bayan tafiyarshi. Inna Hajo, wadda ba ta taɓa zuwa taro ba, ta zo ta zauna gab da rediyon.

Ta ce, "Ɗiyata, rediyon ga naki shi ya kira Iro. To, shi za ya kira min shi gida."

Na ce, "Inna, ba haka aikin yake ba. Maganar ba ta fita yau. Sai ta je Konni, ta je Yamai, kuma ba lalle su sa ta ba."

"Su masu kiran yaƙi, tasu maganar ma sai ta kwana hanya?"

Na kunna akwatin ɗaukar magana, na riƙe mata.

Ta ce, "Ni ce Hajo ta Bazaga. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, gonarmu ba a shuka ba, iri na nan cikin ƙwarya. Iro, hwaɗan ga ba na ubanka ba ne. Ban yi hushi ba. Akuyar ma na yahe. Ka komo gida."

Da kaina na kai zaren Konni a amalanken jaki, ɗiyata a baya. Mushe Abdu ya saurara a ofishinshi, ya cire tabarau ya murje ido.

Ya ce, "Madam Rabi, kin san umarni. Ba a taɓa rikicin maƙwabta a zarenmu. In wanga ya hita, ni da ke kumandan mai mulkin Konni za ya kira."

"Mushe, ba ta zagi kowa ba."

"Na ji. Ba ni goge komi, ina aikawa yadda yake. Abin da almakashin Yamai ya bari, shi ke nan."

Munka yi ta jira. Cikin jiran yaƙin ya tashi, tela ya daina maganar sati biyu. Rannan, cikin shirin manoma, sai ga muryar Inna Hajo. Ta faɗi sunanta, ta faɗi ruwa, ta faɗi iri cikin ƙwarya. Nan zaren ya tsaya. Mai gabatarwa ya ce, "Kun ji, manoma, kada a yi jinkirin shuka." Anka sa kiɗa.

Wata mata ta fara guɗa, ta duba fuskokinmu, ta bar guɗar.

Inna Hajo ta ce, "Sun cire sunanshi."

Na ce, "Sun cire, Inna."

"To. In ya ji, ya san gonar."

Lokacin gero ya riga ya wuce. Mu mata munka yi mata gayya, munka shuka wake. Bayan yaƙi wani tsohon soja ya faɗa min cewa a barikin sojan Najeriya ba mai kama tashar Yamai. Iro dai ba mu sake jin labarinshi ba, ko rai ko mutuwa. Inna Hajo ta ci gaba da zuwa taro har ƙarfinta ya ƙare, kuma in tana zaune, ba namijin da hannunshi ke kai ga murɗa rediyon.

Abin da aikin ga ya koya min ke nan: maganar yaƙi tana ƙetare iyaka cikin yini guda, ba ma'aikatan duwan na iyaka ba jandarma, amma kiran uwa sai ya bi ofis-ofis ana rage shi. In kunka miƙa wa mutum akwatin nan, ku fara faɗa mishi gaskiyar inda muryarshi za ta tsaya.