Bencin Ƙarfe da Wandon Dakta

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, a shekarar nan ta 2010 da dusar ƙanƙara ta binne Washington har ma'aikatun gwamnati suka yi kwanaki a rufe. Lokacin ina jami'in rahoto a wata ƙungiyar agaji da ke arewa maso yammacin birnin, mai tallafa wa makarantun ƙauye a tsaunukan Tajikistan. Aikina in bi shugaban shiri duk inda ya sa ƙafa, in rubuta abin da ya gani, ko abin da ya so ya gani.

Shugaban namu Dakta Sanusi ne, Bakano mazaunin Beltsville, wani gari a gefen Washington. Tun a jirgin da ya ɗauke mu zuwa duba makarantun yake gaya mini shi sanyi ya daina ba shi tsoro, wai da hannunsa ya share ƙanƙarar ƙofar gidansa. Na san maƙwabcinsa ɗan Kumasi ne ya share, amma na ce Allah ya ƙara lafiya.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku tarar da ƙa'idar lokacin ba. Duk makarantar da muka ba kaya, in aka je dubawa aka samu ba ta amfani da su, sai a cire ta daga tallafi. Cirewa kuwa ita ce albashin malami ya tsaya, a rufe makaranta. To mun riga mun aika wa ƙauyukan bencina da tebura na ƙarfe, waɗanda Dakta ya zaɓa da kansa saboda ba sa karyewa.

Ƙauyen ƙarshe mota ba ta kaiwa, sai a doki. Ƙanƙarar da ke kan sirdi ta narke a ƙarƙashin Dakta, ya sauka wandonsa sharkaf. Malamin makarantar, wani dattijo mai suna Malam Karim, ya kai mu ɗakin gidansa. Can muka tarar da yara a zaune kan darduma, sun kewaye murhu suna karatu. Dakta ya tambaya ina bencinanmu suke. Tafinta ya ce suna sabon aji, ba murhu a can, kuma malam ya sha roƙon a kawo.

Dakta ya juyo gare ni. "Malam Inuwa, rubuta. Kaya na nan, ba a amfani da su."

Na ce ranka ya daɗe, ko a sha shayi tukuna, wando ya bushe? Ya ce ba shan shayi ya kawo shi ba. Ya sa aka kwashi yaran zuwa sabon aji, inda numfashin mutum ke fita kamar hayaƙi. Don ya nuna musu abin ba wuya ba ne, ya zauna a bencin gaba ya soma jawabi kan ilimin zamani, tafinta na mayarwa. Jawabin bai gajarta ba.

Da ya kammala ya yunƙura, benci ya ƙi sakinsa, jiƙaƙƙen wandon ya daskare ya manne da ƙarfen. Ya ƙara ƙarfi, muka ji kyat. Rabin bayan wandon ya zauna a kan ƙarfen, har yau ina jin yana can. Yaran ba su yi dariya ba. Ba ladabi ba ne, leɓɓansu ne suka ƙage.

Malam Karim bai ɓata lokaci ba. Ya cire doguwar rigar sanyinsa ya yafa wa Dakta, ya yi magana da ƙarfi. Tafinta ya ce al'adarsu ce a tufatar da babban baƙo a gaban jama'a. Yara suka tafa. Dattijon ya raka mu har bakin hanya da 'yar shara a jikinsa. Daga baya tafinta ya raɗa mini cewa rigar ke nan gare shi.

A hanya Dakta ya ce in soke abin da na rubuta. Da muka dawo Washington, ya tsaya gaban kwamitin amintattu ya bayyana cewa bincikensa ya gano karatu a ƙasa kusa da wuta ya fi dacewa da yaran tsauni. Aka yaba masa, aka sayi murahu, makarantar Malam Karim ta tsira. Rigar kuma ya rataye ta a ofis, yana nuna wa baƙi a matsayin karramawa.

Da sanyi ya zagayo aka tura ni ƙauyen ni kaɗai. Na shiga ofishin Dakta sallama, na tsaya ina kallon rigar. Ya daɗe yana juya biro. Can ya tashi ya sauke ta, ya haɗa da tasa sabuwa da ke bayan kujera.

"Ka kai masa. Ka ce na gode."

Na kai. Malam Karim ya sa tasa, ya shimfiɗa ta Dakta a ƙasa yara suka zauna a kai.

Abin da na koya a aikin nan, kukan mutanen ƙauye yakan yi shekaru yana yawo bai iso ofis ba. Amma ranar da sanyi ya shiga wandon shugaba, a makon ake canza ƙa'ida. Allah ya sa mu ji kafin ya kai ga namu.