Hasumiyar Agadas a tafin hannun matata

"Baban Nana, ina ka samo wannan?"

Haka matata ta tare ni jiya da na dawo, ina zazzage aljihu a kan tabarma.

Ɗan tambur ne, irin wanda ake manna wa wasiƙa. Na je gidan waya a Maradi aika takardun buron da nake aiki, sai na gan shi da hoton hasumiyar masallacin Agadas, doguwar nan ta laka mai itatuwa a jiki. Ya ba ni sha'awa, na sayi guda.

Ita haifaffiyar Agadas ce. Tun da aure ya kawo ta nan garin Gazawa sau ɗaya ta je gida, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Ta ɗora shi a tafin hannu, ta sa farce daidai inda hoton ya ƙare.

"Da sun ƙara masa faɗi kaɗan, da ka ga ƙofar gidanmu. Nan Inna ke zama da la'asar tana saƙar tabarma."

Na ce, "Ashe kina kewar gida haka?"

Ta yi murmushi. "Ai nan ma gida ne. Amma ina so Inna ta ga Nana tun tana da sauran gani."

Nan take muka tsai da magana: da an gama ɗibar wake, mu uku za mu hau mota. Yau tun safe take waƙa a madafa.

Ku fa, wane gini ne in kun gan shi, ko a hoto, gida ke faɗo muku a rai?