Jar Ɗamarar da Yaya Sabi'u Bai Ɗaura Ba

Shekara biyar ke nan da muka binne Yaya Sabi'u a nan Doha, amma har yau in na ɗaga takobin katako sai in ji kamar zai ce in gyara tsayuwa.

Injiniyan gas ne. Shi ya kafa ƙungiyarmu ta masu kwaikwayon mayaƙan zamanin da. Duk Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a wani fili a Mesaimeer, likitoci da malamai da furfurarmu, mu saka sulken da muka saƙa da waya, mu yi ta gwabzawa zufa na zuba. Matanmu sun yi dariya har sun gaji.

Babbar girmamawarmu jar ɗamara ce, kuma shi ya gindaya sharaɗinta: ba a ɗaura wa mutum ita sai ɗalibin da ya koyar ya kayar da shi a fili. A ganinsa gwanin da bai haifar da wanda ya fi shi ba, bai gama aiki ba. Matsalar ita ce shi ba ya kayuwa. Ni ne babban ɗalibinsa, kuma na sha ƙasa a hannunsa har na daina lissafi.

Da ciwon hanta ya cinye shi, 'yan ƙungiya suka roƙe ni in kara da shi sau ɗaya, ya samu ɗamarar kafin lokaci ya ƙure. Na same shi a gidansa da ke unguwar Old Airport, na faɗa masa.

Ya yi murmushi. "Ƙanena, yanzu ko iska ma kayar da ni take yi. Sai a ce ita ma ɗalibata ce? Khalas, bar zancen nan."

Na fito ina hawaye, ina kuma jin haushinsa. Bai kai azumi ba.

Yau ana ta muhawara a sassauta sharaɗin, wai daɗewa a ƙungiya ta isa. Na san abin da zai ce, kuma ba zai yi daɗin ji ba.

Bara Bitrus, ma'aikacin jinyar da na koyar, ya shimfiɗe ni a ƙasa, aka ɗaura mini ɗamarar. Saran da ya kayar da ni da shi, na Yaya Sabi'u ne, daga hannuna ya koya. Ana tafi, ni kuwa ina tsaye da abin da malamina bai samu ba, saboda ban kai ƙarfin da zan ba shi ba tun yana da lafiya. Allah Ya jiƙansa.