Sunan da Malam Ma'azu Bai Kira Ba

Malam Ma'azu mutumin Magarya ne ta ƙasar Wurno, dogo, siriri, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron taka ƙafar wani. Yana yaro aka kama shi aka kai shi elemantare a Rabah, uwarsa Turai na kuka. Da ya gama sai ya dawo fadamar albasa, ya yi aure, ya ɗauka shi da boko sun rabu ke nan. Ina! Da En'e, hukumar sarki, ta shiga buɗe makarantu a ƙauyuka malamai suka yi ƙaranci, aka bi gari gari ana tsintar duk wanda ya taɓa riƙe alli, aka tara su a Wurno don a yi musu kwas kafin a rarraba su.

Mai koyar da su shi ne Malam Attahiru, malamin zagaye, gajere mai faɗa, amma ya san aikinsa. Yakan zaunar da su kan tabarma, manyan maza da gemu, ya ce su ne yara, ɗaya ya tashi ya zama malami. Mutanen gari har leƙowa suke ta taga suna dariya, ganin magidanci ya ɗaga hannu yana roƙon a bar shi ya faɗi biyu da biyu. An koya musu tsayuwa gefen allo, da rubutu manya manya, da yadda ake raba darasi. Amma abu guda Malam Attahiru ya fi nanatawa.

"Ku ji mi nika hwaɗa muku," in ji shi. "Yaro ba ya buɗe kainai ga wanda ba ya kiran sunanai. In ya yi daidai, ka dube shi, ka kira shi da suna, ka ce mai madalla, kowa shi ji. Bulala kowa na da ita gida."

Cikinsu duka babu wanda ya kama wannan kamar Ma'azu. In ya ce wa ƙaton mutum madalla, sai ka ga ƙaton ya washe baki da gaske.

Aka tura shi Rimawa ta ƙasar Goronyo. Ya tarar da ɗaki sabo, da allo, da tabarmi, babu yaro ko ɗaya. Ya yi ta zarya gidan mai gari Maccido, ana ce masa gobe. Ran nan mai gari ya gaji da kewaye-kewaye, ya ce, "Malam, mun ji kana da ɗa Magarya. In abin ga na da kyau, mi yah hana ka kawo naka?"

Gaskiya ce, kuma ta yi ɗaci. Yana da ɗa, Lawwali, ɗansa na fari, wanda tun yaye yake hannun kakarsa Turai. Ma'azu bai taɓa kiran sunan yaron nan ba, bai taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ya tashi ya ga ubansa ya yi. Da ya je ɗaukarsa, tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai da ba ka iya ko dubinai, ƙaƙa za ka karantad da shi?"

Ya aza yaron bisa jaki, ya bi bayansu har Rimawa. Ganin haka mai gari ya ba da ɗansa Isa, sauran mutane suka biyo a ɗarare, ɗaki ya cika.

Malam Ma'azu ya yi koyarwa yadda aka koya masa, har ya fi. Safiya ba ta wucewa sai ka ji muryarsa daga bakin hanya: "Madalla, Isa! Madalla, Shittu!" Yaran da aka jawo suna kuka suka koma rige-rigen zuwa. Amma in an zo kan Lawwali sai harshe ya yi nauyi. "Kai, na bayan Shittu," abin da yake cewa ke nan, idonsa na kan bango. Yaron ya tashi ya ba da amsa daidai, malam ya ce "to," ya juya ga allo.

Ga shi kuwa yaron kai gare shi, ba a magana. Abin da sauran ke kwana uku suna fama da shi, shi ji ɗaya yake yi. Bayan an tashi, Ma'azu kan tsaya shi kaɗai ya duba aikin ɗansa, daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. To, wa ya gani? Abin da Lawwali ya gani shi ne kowa na samun madalla ban da shi. Shekarar farko hannunsa kullum a sama. Ta biyu yakan ɗaga rabi. Kafin su kai aji huɗu ya daina, ya koma can ƙurya ya yi shiru.

A ƙarshen shekara ta huɗu Malam Attahiru ya iso bisa doki, don a fitar da yaro guda da zai tafi jarrabawar shiga makarantar Midil a Sakkwato. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, mai gari da dattawa suka zauna, yara suka jeru. Baƙon ya jefa tambayoyi, masu ɗaga hannu suka ɗaga, na ƙurya bai motsa ba. Malam Attahiru kuwa bai san akwai ɗan malam a cikinsu ba, don ba wanda ya faɗa masa.

"To, Malam Ma'azu, kai kas san su. Wa yaf hi kowa?"

Ma'azu ya san amsar kamar yadda ya san hanyar gidansu. Amma ta yaya zai tsaya gaban dattawan gari ya kira sunan ɗansa na fari, ya kuma yabe shi da bakinsa? Duk wurin shi ake jira.

"Isa," in ji shi.

Dattawa suka gyaɗa kai. Wasu da suka san gaskiya har suka bi shi gida suna yaba masa, wai malam mutum ne mai kunya. Abin takaici, ba wanda ya tambayi Lawwali yadda ya ji. Isa ya tafi Sakkwato, ya yi abin da zai iya. Lawwali ya koma Magarya wurin kakarsa, ya ɗauki fartanya.

Ma'azu ya ci gaba da koyarwa, Rimawa, Taloka, har ya dawo kusa da gida da furfura. Yara da yawa sun wuce ta hannunsa, kuma duk inda ya bi ana gaishe shi da daraja. Lawwali ya zama manomin albasa, mutum mai ladabi, mai ƙarancin magana. Kowace Juma'a yakan zo ya durƙusa ya gaida uban, uban ya amsa yana duban gefe. Lawwali ya haifi ɗa, Mainasara, kuma a kan jikan nan ne tsoho ya sauke duk abin da ya tara. Jika ai ba kunya. Ya kira shi, ya tsokane shi, ya koya masa baƙaƙe a ƙasa da yatsa, ya ga kan nan na Lawwali dai shi ne ya sake dawowa.

Lokacin Turawa na shirin tafiya, yaron ya isa shiga makaranta. Wata Juma'a bayan an sauko, zaure cike da mutane, Lawwali ya zo gaisuwa. Tsoho ya ce, yana kallon ƙofa, "Yaron ga Mainasara, a kawo shi a sa shi aji bana."

Da Lawwali ya yi magana, babu fushi a muryarsa ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ciwo.

"Baba, a yi mani haƙuri, a bar shi gona. Kanmu ba na karatu ba na. Kai da kanka ka gwada ni shekara huɗu, ban taɓa yin daidai ba ko sau guda. Ban son shi zamna baya yana kallon ana yaba ɗiyan mutane."

Malam Ma'azu ya juyo ya dubi ɗansa, ya ga har furfura ta fara fito masa a gemu. Maganar da ya kasa faɗa tun Rimawa tana nan a bakinsa, 'yar gajeruwa. Ya dubi mutanen da ke zaure, su ma shi suke kallo.

"To," in ji shi.

Lawwali ya yi godiya, ya ɗauki takalmansa ya fita.