Ƙasar da Zaɓau ya ɗebo

Yayana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa miƙa wa mutum mugun abu ba. Shi ya sa ake ce masa Zaɓau. In ka zo sayen kaza, sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana taɓa ƙirjinsu. Matarsa kan ce ko tsintsiya aka zo aro, sabuwar zai bayar, su a bar su da guntuwa.

To, shekarar da malamin gona ya kawo wayar nan mai ba da shawara, ya tara manoma a rumfar ƙungiya. Ya ce kowa ya ɗebo ƙasar gonarsa, nan kaɗan, can kaɗan, a gauraya a leda. Za a auna, a zuba wa na'ura sakamakon, ita kuma ta haɗa da labarin ruwan sama na shekaru, ta faɗa wa kowa abin da zai shuka da takin da zai sa.

Gonar Yaya kuwa ta gaji, mu mun sani. Yashi ne fari fat, in ban da kusurwar gabas inda babanmu ya daɗe yana ɗaure shanu. Can ya je ya cika ledarsa da baƙar ƙasa mai laushi. A kan idona. Na ce masa ba haka malamin ya ce ba.

Ya ce, "Ke, yashi zan kai gaban mutane? Da sunana a jiki?"

Ai kuwa waya ta yaba gonar. Ta ce ya shuka masara, ya matse layi, taki kaɗan ya ishe shi. Ya ajiye geron da ya saba, ya bi ta.

Masara ta kai gwiwa ta tsaya, ta yi rawaya. Abin da ya girba bai kai su wata uku ba, har 'ya'yansa biyu aka kawo mini na riƙe. Gari ya ɗauka cewa na'ura ta kashe gonar Zaɓau. Malamin ya zo sau uku, yana zagaya gonar da takardunsa, ya rasa inda kuskuren yake. Yaya ya shimfiɗa masa tabarmar da ta fi kyau, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, kin ji laifina.

Da damina ta zagayo, wayar ta aiko cewa ruwan farko ba na shuka ba ne, fari zai biyo baya, a dakata. Wa zai saurara? Kowa sai ya ce a je a tambayi Zaɓau. Ruwa ya sauka ranar Laraba, mutane suka fita da iri. Mijina ma, kakanku, ya kwance buhun irinmu, ba mu kuma da wani.

Na samu Yaya a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Na ce in bai faɗa ba, ni zan faɗa. Sai ranar Juma'a ya iya zuwa rumfa.

Ya ce, "Ba wayar ce ta yi ƙarya ba, ni na yi mata. Ƙasar turken shanu na kai."

Mai gyaran keke ya ce, "Kai Zaɓau, har ƙasa sai ka zaɓa?"

Aka ɗan yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don rabin mutanen wurin sun riga sun shuka. Mu dai muka ɗaure buhunmu. Fari ya zo, kwana goma sha takwas. Waɗanda suka shuka irinsu ya ƙone a ƙasa, har da aminin Yaya tun na yarinta. Shi bai zage shi ba. Ce masa kawai ya yi, da ma tun Larabar ya yi magana.

Tun daga nan Yaya bai ƙara zama a rumfar ba. Da aka sake neman ƙasa, ya ɗebo yadda aka ce, nan kaɗan, can kaɗan, yashi tsantsa. Ni ya ba in kai. Ya ce in sa ledar ƙarƙashin mayafi.