Yaron da ya buga mini tebur

A lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, malamin lissafi ne ni da na daɗe ina koyarwa a Zariya kafin in zo Amurka, kuma wallahi ina ji da kaina. A gida in na shiga aji ko tari ba a yi. Muna zaune a Lanham da iyalina na samu aiki a wata makarantar kwana ta Yahudawa, ta samarin da sauran makarantu suka gaji da su. Da safe malamansu na addini ke karantar da su, da rana mu kuma mu shiga da boko. Ba wanda ya taɓa tsangwama ta, har ɗakin sallah suka ba ni.

Akwai wani yaro ɗan shekara sha biyar, makarantu biyu sun kore shi, iyayensa kuma sun rantse in aka sake kawo ƙararsa ya gama karatu ke nan. Wata uku yana kujerar baya, kai a sunkuye, ko uffan. Ni kuwa har yabonsa nake, wai ga mai ladabi. Ran nan ina warware lissafi a allo sai ya miƙe, ya buga tebur, ya dubi tsabar idona ya ce ban yi daidai ba. Na ce ya zauna, ya ƙi, ya ci gaba da kawo hujja da ƙarfi. Raina ya ɓaci. Ni za a yi wa tsaurin ido? Ban shawarci kowa ba, na rubuta ƙara mai zafi na aika wa iyayensa kai tsaye. Kafin Juma'a sun zo sun kwashe kayansa.

Shugaban makarantar, wani dattijo, bai yi mini faɗa ba. Ya ja ni zuwa zauren karatunsu, inda ban taɓa leƙawa ba. Subhanallahi, sai ka ce kasuwa! Yara bibbiyu, littafi a tsakani, suna musu suna buga tebur, malamai na ta murmushi. Ya ce mini haka suke karatu tun kaka da kakanni. Ɗalibin da ya ja da kai ya yarda kai malaminsa ne, mai shiru shi ke ba su tsoro. Wata uku suna addu'ar yaron nan ya buɗe baki, ashe a ajina ya fara. Na koma na duba lissafin, yaron ne da gaskiya.

Kunya ta kama ni, amma kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Na yi ta kiran uban bai ɗauka ba, sai na tuƙa mota har gidansu. Sau biyu yana sallama ta daga bakin ƙofa. A na uku na tsaya a falonsu, da furfurata, na faɗa wa yaron, sa'an ɗan cikina, cewa ni na yi kuskure, ya yafe mini. Suka maido shi.

Ya dawo, amma ya koma shirunsa, abin da ya fi komai ci mini rai. Sai na ɗauki dabara: kullum in saka kuskure da gangan a allo, in tsaya ina jira. Sauran yara su kama, shi kuwa ya dubi taga. Mako bakwai ina haka, na ce ko shekara za a yi ba zan fasa ba. Wata Talata na ji an buga tebur daga kujerar baya. Ban juyo da wuri ba, don kada su ga hawayena.

Ban ce a yar da ladabi ba. Amma 'yan uwana iyaye da malamai, musamman mu da ke renon yara a ƙasar nan, ba kowane sunkuyar da kai ne tarbiyya ba, wani yaron ya fid da rai da ku ne. Kafin ku hukunta wanda ya ɗaga murya, ku juya ku duba allon tukuna.